Gidan Battersea: Yadda Babban Kare Ya Samu Damar Komawa Sabon Gida

A watan Oktoba na 2004 ma'aikatan gidan karnuka na Battersea da ke kudancin Landan sun rasa yadda za su yi. Kullum da yamma sai su rufe kowane kare a ɗakinsa, su sa sakata, su tafi gida. Gari na wayewa sai su tarar da karnuka suna ta yawo a waje, an yi kaca-kaca da wurin ajiye abinci. Da abin ya ishe su suka kafa kyamara. Ashe wani kare ne mai suna Red, dogo siriri daga jinsin karnukan farauta, wanda aka tsinto a titi duk haƙarƙarinsa a waje. Ya koyi zura baki ta tsakanin ƙarafa ya ja sakata da haƙori, in ya fito kuma sai ya bi ɗakunan abokan wasansa yana buɗe musu. Da gidajen talabijin suka nuna hoton, ɗaruruwan mutane suka bugo waya kowa yana so a ba shi Red.

Kare ne babba, ba a san inda aka haife shi ba, ba a san wanda ya yar da shi ba, amma ga mutane suna rububin kai shi gidajensu. Irin wannan kare a Landan ta shekarun 1850 ba shi da makoma sai yunwa ko sandar ɗan sanda. Abin da ya sauya a tsakani aiki ne na shekaru sama da ɗari, kuma yawancinsa a wannan gida na bakin layin dogo aka yi shi.

Landan ta 1860 birni ne na mutum kusan miliyan 3, cike da dawaki da kasuwannin nama da lunguna. Masu hali sun fara ɗaukar kare a matsayin abin ado. A 1859 aka yi gasar nuna karnuka ta farko a Newcastle, inda ake duba tsayi da gashi da asalin jinsi. A ɗaya gefen kuma ga karnukan talakawa. Da can ƙananan 'yan kasuwa kan ɗaura wa kare amalanke ya ja musu kaya, sai dokar 1839 ta hana haka a Landan, daga baya a 1854 aka hana a duk ƙasar. An yi dokar ne don tausayi, amma mutumin da karensa ya daina kawo masa kuɗi sau da yawa ba ya iya ci gaba da ciyar da shi. Titi ya cika da karnuka masu ƙazuwa da ƙuma, suna tonon bola, jama'a kuma na tsoron ciwon haukan kare, wanda a lokacin ba shi da rigakafi ko magani.

Mary Tealby, wadda ta kafa gidan, ba attajira ba ce. An haife ta a 1801 a Huntingdon, ta auri wani mai cinikin katako a Hull, auren bai ɗore ba, ta koma Landan tana dab da shekara sittin. Wata ƙawarta mai suna Sarah Major ta nuna mata wani kare da yunwa ta gama da shi. Mary ta ɗauke shi ta kai gida, tana ba shi abinci kaɗan-kaɗan da cokali, amma bai tashi ba. Mutuwar karen nan ce ta sa ta fara tara karnukan titi a ɗakin wanke-wanke na gidan da take zaune. Da wurin ya yi kaɗan sai ta samu wata bargar dawaki a unguwar Holloway, a arewacin birnin, ta buɗe abin da ta kira gidan wucin gadi na ɓatattun karnuka da masu fama da yunwa. Ɗan'uwanta, wani limamin coci mai suna Edward Bates, ya taimaka mata da riƙon kuɗi, ƙungiyar hana zaluntar dabbobi ta RSPCA, wadda aka kafa tun 1824, ta ba su wurin yin taro.

Jaridar The Times ba ta yi wata-wata ba. A watan Oktoba na 1860 ta yi wa aikin ba'a, tana tambayar yadda za a gina wa kare mafaka alhali ga 'yan Adam suna kwana a titi da yunwa. Tambayar tana da nauyi, domin talaucin Landan na lokacin gaskiya ne. Sai dai ta ginu ne a kan zaton cewa tausayi abu ne mai ƙarewa, in an ba kare to an hana yaro. Mai karatu Bahaushe, wanda ya san kare da farauta da gadi da tsaron garke, ba da kwana a falo ba, zai iya jin tambayar ta kwanta masa. Amma shi ma tun yana makarantar allo ya ji labarin mutumin da ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa da takalminsa ya shayar da kare mai ƙishi, Allah Ya gafarta masa saboda haka. Abin da Mary Tealby ta yi bai wuce wannan ba, illa dai ta mai da shi aikin kullum.

Taimako ya zo daga mujallar All the Year Round ta shahararren marubuci Charles Dickens. A 1862 ta buga maƙala da ta jera abubuwa biyu: gasar karnukan masu kuɗi da aka yi a Islington, da kuma bargar Holloway da ke kusa da wurin, inda karnuka ramammu ke zuba wa ƙofa ido ko mai su zai shigo. Daga nan ra'ayin jama'a ya fara juyawa. Mary ba ta ga ƙarshen abin ba, domin ciwon daji ya yi ajalinta a 1865.

Maƙwabta a Holloway sun yi ta ƙorafi kan haushi dare da rana, ga wurin ya cika. A 1871 aka tashi aka koma Battersea, kudu da kogin Thames, a wani fili da layukan dogo suka kewaye, inda ƙarar jirgi ta fi ta kare. Har yau a nan gidan yake. A 1883 aka fara karɓar kyanwoyi, a 1885 kuma Sarauniya Victoria ta yarda ta zama uwar gidan.

Wanda ya ɗauka cewa daga nan kowane kare ya samu gida, ya yi kuskure. Dokar tituna ta 1867 ta ba 'yan sandan Landan ikon kama duk karen da ba ya tare da mai shi, kuma Battersea ne ya zama wurin da ake kai su. Kwana uku ake jira. In mai kare ya zo ya biya kuɗin abinci ya tafi da abinsa. In bai zo ba, ƙalilan masu kyan gani akan sayar da su, sauran kuma a kashe. Da farko guba ake ɗura musu a baki ɗaya bayan ɗaya. A 1884 wani likita mai suna Benjamin Ward Richardson ya ƙera wa gidan wani ɗaki da ake cika shi da iska mai sa barci, a tura karnuka da yawa a lokaci guda su mutu ba tare da jin zafi ba. Masu gidan sun ɗauki wannan a matsayin ci gaba, kuma in aka kwatanta da abin da ake yi a New York a 1877, inda ake cusa karnuka cikin kejin ƙarfe a nutsar da su a kogi, lalle ci gaba ne. A shekarun da tsoron haukan kare ya yi tsanani, hukuma ta tilasta sa wa kowane kare takunkumi, wanda aka gani babu shi a kama, sai karnukan da ke shiga Battersea suka kai dubun dubata a shekara. Mafi yawansu ba su fito da rai ba. Abu ɗaya da gidan ya tsaya a kai tun wancan zamani shi ne bai yarda ya sayar da karnukansa ga masu gwajin likitanci a kan dabbobi masu rai ba. A 1906 wata sabuwar doka ta mai da kwanakin jira bakwai, kuma har yanzu kwana bakwai ne.

Akwai wata doka da ta fi kowace cutar da babban kare, wato ta lasisi. Daga 1867 duk mai kare sai ya biya sule biyar a shekara, a 1878 aka mai da shi sule bakwai da sisi. Kwikwiyon da bai kai wata shida ba an ɗauke masa. Sakamakon a bayyane yake: iyali su karɓi kwikwiyo yara su yi wasa da shi, ranar da ya girma lasisi ya hau kansa a buɗe masa ƙofa. Duk farkon shekara, lokacin sabunta lasisi, gidajen karnuka kan cika maƙil. Ƙungiyar kare haƙƙin karnuka da aka kafa a 1891, wadda tun 2003 ake kira Dogs Trust, ta daɗe tana biya wa talakawa wannan kuɗi don kada su rabu da karnukansu. Sai a ƙarshen shekarun 1980 aka soke lasisin a Ingila.

Yaƙe-yaƙen duniya biyu sun nuna darajar karen titi da kuma arharsa. A yaƙin farko wani hafsan soja, Edwin Richardson, ya buɗe makarantar horar da karnukan yaƙi a Shoeburyness a 1917, Battersea na cikin wuraren da ya ɗebo ɗalibansa. Manyan karnuka ne da aka yar, aka koya musu kai saƙo tsakanin ramukan sojoji cikin ruwan harsashi, suka kuma koya. Dab da fara yaƙi na biyu kuwa, a 1939, wata takardar gargaɗi ta shawarci mutane cewa in ba za su iya kai dabbobinsu ƙauye ba, kashe su ya fi zama jin ƙai. Babu wanda aka tilasta wa, ba a kuma jefa ko bom ɗaya a Landan ba tukuna, amma da aka fara yaƙin a watan Satumba mutane suka yi layi a ƙofar likitocin dabbobi. An ƙiyasta cewa karnuka da kyanwoyi kimanin 400,000 aka kashe a Landan cikin 'yan kwanaki, wajen 750,000 a duk ƙasar. Battersea ya roƙi jama'a su dakata, bai rufe ƙofarsa ba har yaƙin ya ƙare, ya kuma kula da karnuka kusan 145,000 a waɗannan shekaru da abinci ke wuya ko ga mutane.

Bayan yaƙi ne lissafin ya fara sauyawa a hankali. An riga an kawar da ciwon haukan kare daga Birtaniya tun 1922, don haka karen titi ya daina zama abin firgita. Fiɗiyar karnuka ta yaɗu, haihuwar barkatai ta ragu. A 1978 Clarissa Baldwin ta ƙirƙiro wa ƙungiyar da ta zama Dogs Trust taken da ya shiga bakin kowa a ƙasar, mai nuna cewa kare amana ce ta tsawon rayuwarsa, ba kyautar Kirsimeti da za a gaji da ita ba. Daga watan Afrilu na 2016 ya zama dole a sa wa kowane kare wata 'yar na'urar shaida mai girman ƙwayar shinkafa a ƙarƙashin fatar wuya, wadda in an haska ta sai ta nuna lambar da za a gano mai shi. A 2020 Ingila ta hana dillalai da kantuna sayar da kwikwiyon da bai kai wata shida ba. Da yawan karnukan ya ragu, sai ma'aikata suka samu abin da magabatansu ba su taɓa samu ba, wato lokacin zama da kare ɗaya su san halinsa.

A nan ne babban kare ya samu sa'arsa. Mutane da yawa har gobe kwikwiyo suke so, hujjarsu kuwa ita ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Akwai gaskiya a ciki, amma kwikwiyo alkawari ne kawai. Ba wanda zai iya rantsewa kan girman da zai kai, ko yawan gudun da zai buƙata, ko zai jure hayaniyar yara. Kare mai shekara huɗu ya riga ya zama abin da zai zama, kuma ana iya gani da ido. Idan ya shigo Battersea likita kan duba shi, a yi masa allurar rigakafi, a ba shi maganin tsutsar ciki da na ƙuma, a fiɗiye shi in da buƙata. Daga nan masu nazarin hali su karɓe shi. Suna lura da yadda yake yi in an taɓa ƙafarsa ko kunnensa, in an matso kusa da kwanon abincinsa, in baƙo ya shigo, in wani kare ya wuce ta gabansa. Kare mai son mutane ba ya ɓuya: jikinsa a sake, bindinsa na kaɗawa har da ƙugu, ya zo ya shinshina hannu ya jingina da ƙafar mutum. Wanda ke cikin tsoro kuwa sai ya kau da kai, ya yi ta lasar leɓe ko hamma ba don barci ba, ya sa bindi tsakanin ƙafafu. Duk wannan ana rubutawa. Da yake wasu karnukan ba sa nuna ainihin halinsu cikin hayaniyar gidan, akan ba masu sa kai su riƙe su a gidajensu na ɗan lokaci su kawo rahoto.

Shi ma mai nema ana tantance shi. Ana tambayarsa gidan haya yake ko nasa, ko mai gidan ya yarda, ko akwai fili da shinge, yara nawa ne da shekarunsu, akwai kyanwa ko wani kare, sa'o'i nawa gidan ke zama babu kowa. Shawarar da ƙungiyoyin ke bayarwa ita ce kada a bar kare shi kaɗai fiye da sa'o'i huɗu. Mutum kan zo da hoton wani kare a ransa, a nuna masa wani daban da ya fi dacewa da zamansa. Wasu na jin haushin tambayoyin, suna ganin an tsananta. Amma wanda ya san tarihin ƙofar da aka buɗe wa karnuka masu wata shida zai gane dalilin.

Kwanakin farko a sabon gida su ne masu wuya, ko da karen mai fara'a ne. Wani zai ƙi cin abinci kwana ɗaya ko biyu, wani ya yi fitsari a ɗaki alhali ya saba yi a waje, wani ya yi ta bin sabon mai shi daga ɗaki zuwa ɗaki yana kuka da zarar an rufe ƙofa. Masu aikin kan ce a tanadar masa lungu mai shiru da shimfiɗarsa, a ci gaba da ba shi irin abincin da ya saba kafin a sauya a hankali, a tsai da lokacin ci da na fita, a hana 'yan ganin baƙo cika gida, a koya wa yara su bari shi ya zo wurinsu. Kada a kwance masa igiya a waje da wuri, domin a makonnin farko ne karnuka suka fi gudu, ba su san hanya ba, ba su kuma gama sanin muryar mai kiransu ba. Fita daga gida ma koyarwa ake yi: a bar shi minti kaɗan a dawo, gobe a ƙara, har ya yarda cewa wanda ya fita zai dawo. Karnukan tsere da suka yi ritaya, waɗanda aka kafa musu ƙungiya ta musamman a 1975, sun fi kowa nuna wannan. Kare ne mai shekara huɗu ko biyar, mai sanyin hali, ya saba da hannun mutane, amma bai taɓa hawa matakala ba, bai san ƙofar gilashi ba sai ya yi karo da ita, ƙarar injin wanki na iya sa shi rawar jiki. Sai a ɗora masa ƙafa a kan matakala ɗaya bayan ɗaya. Cikin 'yan makonni yawancinsu kan saba, su zama karnukan da suka fi kowa son barci.

Bai kamata a rufe ɓangaren da ba shi da daɗi ba. Battersea na karɓar kare ko wane iri ne, tsoho ko mara lafiya ko mai cizo, kuma wannan na da farashi. A 2010 shirin Panorama na BBC ya bayyana cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na karnukan da gidan ya karɓa a shekarar da ta gabata an kashe su, da yawa don an ga halinsu na da haɗari ga mutane. Gidan bai musa ba. Akwai kuma dokar karnuka masu haɗari ta 1991, wadda ta haramta wasu jinsuna bisa kamanninsu. Idan aka yanke cewa karen da aka tsinta na cikinsu, ba a yarda a ba kowa shi ba, komai kyan halinsa. Battersea ya daɗe yana kira a gyara wannan doka a riƙa duba halin kare da na mai shi, kuma hujjarsa tana da ƙarfi, tun da shi ne ke zama da karnukan yana ganin abin da suke yi.

A yau gidan na da rassa a Old Windsor da Brands Hatch, kuma riƙon karen da aka ceto ya zama abin alfahari. Sarauniya Camilla ta karɓi 'yan ƙananan karnuka biyu daga can, Beth a 2011 da Bluebell a 2012, har aka yi musu surfani a jikin rigar da ta sa ranar naɗin sarauta a 2023. Shirin talabijin da marigayi Paul O'Grady ya gabatar daga cikin gidan tun 2012 ya shigar da tsofaffin karnuka da guragu ɗakunan miliyoyin mutane. Duk da haka matsin bai ƙare ba. A lokacin kullen korona na 2020 mutane sun yi ta sayen kwikwiyo, da aka koma aiki rayuwa kuma ta yi tsada sai aka fara dawo da su sun girma. A 2022 kaɗai Dogs Trust ta samu kira sama da 50,000 daga masu neman a karɓi karnukansu. Manya da tsofaffi ne suka fi daɗewa suna jira, shi ya sa gidajen ke ci gaba da bibiyar wanda ya ɗauka da shawara ta waya, kuma suna neman duk wanda zaman ya gagara ya dawo musu da karen maimakon ya sayar ko ya sake shi a titi.